Dutsen da Elkana Ya Bar Mini

Daga ƙasa aka yi mu, gare ta kuma za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Mayu na 2020, da hantsi, wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta ce Yaya Elkana Yashim ya cika, bayan kwana tara yana fama da korona. Shekarunsa hamsin da takwas. A maƙabartar Kiristoci ta Jebel Ali aka binne shi, ni da wani abokin aikinmu kacal muna tsaye daga nesa, domin babu jirgin da zai kai gawa gida.

Yaya Elkana, kai ka tarbe ni a 2016 lokacin da na sauka Dubai ban san kowa ba. Ka ba ni gadonka a unguwar Hor Al Anz, kai ka koma tabarma har wata biyu, kana cewa wai bayanka ne ya fi son ƙasa. Ƙarya kake yi, ina jin nishinka duk safiya. Kai ka nema mini aiki a tashar jiragen ruwa inda kake gyaran wutar lantarki. A benenmu babu fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da hannunka bai taɓa ba, na Kirista da na Musulmi, kuma ladanka kofin shayi ne kawai.

Aibinka ɗaya a wurina shi ne finafinan nan. Duk Juma'a, ranar hutu a nan, in mun taso daga coci sai ka sa tsofaffin finafinan Ingila na zamanin yaƙin Hitila, baƙi da fari, irin waɗanda ka fara gani a majigi a makarantar mishan. Ni barci suke sa ni. Kai kuwa sai ka tsayar da faifan ka ce in duba. Ga soja ya dawo hutu, ga ƙararrawar coci tana bugawa, amma shi sai ya wuce ya hau tudu ya dafa wani tsohon dutse. Ga 'yan ƙauye sun gama girbi sun ɗaure damin ƙarshe da siffar mutum suna zagaya shi. Ga tsohuwar bishiyar da bom ya ƙi taɓawa, kyamara ta tsaya a kanta kamar ana gaishe ta. Ka ce da wuta ta fara sauka musu daga sama, wurin duwatsun kakanninsu suka gudu, alhali mishan ɗinsu ne suka ƙone na ƙauyenku. Ka ce bayan shekara talatin 'ya'yansu suka ɗauko abin nan da iyayen suka lulluɓe da waƙar coci, suka yi finafinan ban tsoro da shi, ƙauyawa masu fara'a da wuƙa a bayan riga. Ka cika littafi uku da wannan bayani. Ni kuma, da yake ni dattijon coci ne, na ce maka Baturen da ya mutu tuntuni bai ɗauke ka lauya ba, ka bar tonon tsafi. Ka yi dariya ka ce, "Abednego, ba ka taɓa jin tsoro na gaske ba ne."

A watan Fabrairu muka je garin Hatta yawon buɗe ido. Kusa da madatsar ruwa na ga ka tsinci wani baƙin dutse, bai kai ƙwan kaza ba, ka sa a aljihu. Na tsokane ka na ce ko gida za ka fara ginawa. Ka ci gaba da tafiyarka.

Sai ranar da motar asibiti ta zo ɗaukarka na gane. Kana numfashi da ƙyar ka gaya mini al'adar mutanenku na gindin dutse a kudancin Kaduna. Wanda aka binne a baƙuwar ƙasa, ana ɗauko dutse daga ƙasar a kai gida a binne kusa da iyayensa, in ba haka ba yana nan yana yawo bai san hanya ba. Dutsen ba ya taɓa ƙasa sai a kabari. Mai ɗauke da shi kuma sai ya kira sunan mamaci a kowace ƙofa da zai wuce, don ya biyo shi. Ka ce dutsen nan na Hatta yana cikin gwangwanin madara a saman kabad. Na ce to, don dai ka daina magana ka huta.

Yau kwana ashirin da shida ke nan, kuma zan faɗi gaskiya: tsoro nake ji. Ina tsoron gwangwanin nan. Da rana tsaka in ina ɗakin ni kaɗai, ba na juya masa baya. Ina tsoron in ɗauke shi in saɓa wa Ubangijin da nake yi wa mutane wa'azinsa, ina kuma tsoron in jefar da shi in ci amanar mutumin da ya ba ni gadonsa. Ga tsoron cutar ma, domin duk tarin da na yi sai in tuna naka. Na buɗe littattafanka don in sami abin da zan ƙaryata, sai na tarar kana bayanin halin da nake ciki.

Na kira matarka, Maman Fortune, ina ta kewaye-kewaye, domin na san ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ka kawo mini mijina, Baba Abednego. Sauran magana tsakanina da Allah ce."

Ranar Asabar da ta wuce aka zo feshin magani a benen, aka ce kowa ya fita da abin da ba ya so ya jiƙe. Na ɗauko gwangwanin. Da na kai bakin ƙofa, ban shirya ba, ban yi niyya ba, sai na ji bakina ya ce, "Elkana, mu tafi." Ƙofa uku ce tsakanin ɗakinmu da titi, kuma ban tsallake ko ɗaya ba. Na rubuta wannan a fili don 'yan cocinmu su ji daga bakina, su yanke abin da suka ga ya dace da ni.

Ubangiji Mai jinƙai ya gafarta maka, ya karɓe ka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Maman Fortune, da Fortune da ƙanwarsa Felicity, da dukan dangi da abokan aiki. Ni ma ya gafarta mini in kuskure nake yi.

Yaya Elkana, ranar da aka buɗe hanyar jirgi, ka shirya. Zan kira sunanka a kowace ƙofa daga nan har ƙauyenku. Roƙona ɗaya ne a wurinka: ka biyo ni shiru, don Allah kada ka amsa.

Ƙaninka,
Abednego Dikko
Hor Al Anz, 7 ga Yuni, 2020