Rishon da Baffa Sale Ya Dawo da Shi

Gidanmu na unguwar Hausari a Potiskum, a zamanin Turawa, murhu ɗaya gare shi, kuma na Kaka ne. In an sauke tuwo bayan magariba, sai ta tura guntun itace ciki, ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu zagaye ta muna ture juna. Ni ce kullum a gaba, don na fi kowa kwaɗayin labari.

Shekarar da autanta, Baffa Sale, ya dawo daga yaƙin Burma, gidan ya rasa sukuni. Mutum ne da ya tafi da surutu ya dawo babu. Ba ya iya zama. Daga zaure sai bakin rijiya, daga nan sai bakin hanya, ya tsaya yana kallon manyan motocin da ke wucewa Maiduguri. Kaka na bin sa da ido. Har mu yara mun san abin da take tsoro: kada ya sake tafiya.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne rishonsa na soja, ɗan ƙarfe da bai wuce kwanon sha ba. Fetur yake sha. Baffa zai yi ta buga masa iska, ya ƙyasta ashana, sai wata shuɗiyar wuta ta tashi tana gurnani, ba hayaƙi, ba garwashi. A kansa yake dafa shayi a ƙofar ɗakinsa, shi kaɗai.

Wata yamma da damina ruwa ya kashe wutar unguwa, har da tamu. Maƙwabciyarmu, tsohuwa Ya Falmata, ta shigo da katangar tukunya ɗiban wuta, yadda aka saba. Da ta ga babu garwashi, sai ta zari karan dawa ta nufi rishon, ga kwalbar fetur a buɗe a gefensa. Baffa ya daka mata tsawa, ya buge karan daga hannunta. Ta juya tana cewa, "Yau na ga gidan da ake hana wuta."

Kunya ta kama Kaka. Da aka samo wuta a wani gida aka ci tuwo, ta gyara zama.

"Ga ta nan tafe, ku tare ta."

"Ta iso mu ji ta!" muka amsa.

Wai wani maharbi ne aljana ta ba shi wuta a cikin gora, wadda ba ta cin itace, ba ta hayaƙi. Ya daina shiga gidan kowa ɗiban wuta, kowa ya daina shiga nasa. A garin kuwa, da hayaƙin safe ake gane wanda ya kwana lafiya. Rannan maciji ya sare shi a ɗaka, ya kasa tashi. Mutane suna ta wucewa, ba wanda ya leƙa, tun da dama gidansa ba ya hayaƙi.

Nan Kaka ta ɗaga murya, ba mu take kallo ba. "To ku gaya mini, wanda ba a ganin hayaƙinsa, yaya za a yi a san yana da rai?"

Daga ƙofar ɗaki Baffa ya amsa a hankali. "Iya, inda na fito, wanda hayaƙinsa ya tashi shi ake fara harbi. Da abokaina muke shan shayi a kan wannan rishon. Ni kaɗai na dawo da shi."

Na kasa haƙuri. "Kaka, maharbin ya mutu?"

"Ku tashi ku kwanta," ta ce. Muryarta ba irin wadda na sani ba ce.

Kafin a yanke gero Baffa ya bi wata mota, ya zama direba. Sai dai mu ji an gan shi a Jos, an gan shi a Kano. In ya biyo ta Potiskum, a tsaye yake gaisawa.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar a kan rowa take, har haushin Baffa na ji. Sai da na haifi nawa na gane roƙo ne: uwa ce ke neman ɗanta ya zauna, ba ta san ta inda za ta ɓullo masa ba. Tausayinsu su biyun yana hana ni sakat har yau. Dab da rasuwar Kaka ina matsa mata ƙafa, na tambaye ta ko tana fushi da shi. Ta girgiza kai.

"Yaron nan ya dawo da labari a bakinsa," ta ce. "Maimakon in ce ya ba ni, sai na ba shi nawa."