Ranar da Yaya Hanne ta buɗe bayan mijinta

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayata Hanne, kuma wallahi ban taɓa kewarta kamar makon jiya ba.

Bari in koma baya. A shekarun saba'in, bayan babban farin nan, ɓarin jikin mijinta Malam Sale ya shanye. Ƙauyenmu yana bayan Gagarawa, asibitin kuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, yana da nisa. Dokarsu ita ce ba a ba da magani sai an ga mara lafiya da ido. Don haka duk sanda magani ya ƙare sai mu ɗora shi a amalanken shanu, ni da ita, mu bi yashi. Kwanciya ta riga ta cinye masa baya, girgizar amalanke kuma ta sake ɓare mikin. Mu je neman sauƙi mu dawo da jini a tabarma.

Ta roƙi ma'aikata su bar ta ta riƙa karɓa masa. Suka ce ba su suka kafa dokar ba, kuma gaskiya suka faɗa.

Ran nan muka iso muka tarar an yi shara, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, wai babban likita zai zo rangadi daga Kano. Aka kora masu jinya bayan katanga da tukwanenmu, kada mu ɓata wuri. Kowa ya tashi ban da Hanne. Ta ja shanun ta tsayar da su a bakin ƙofa.

Da baƙon ya sauko daga mota, ta durƙusa ta gaishe shi. Sai ta juya ga mijinta.

"Malam, ka yarda?"

Da karkataccen bakinsa ya ce, "Buɗe."

Ta ɗage masa riga a gaban jama'a. Dattijo, limamin unguwa! Na rufe fuska. Wani ma'aikaci ya yi salati.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "wannan ba ciwonsa ba ne. Hanya ce ta yi masa, dokarku ta sa shi a hanyar."

Matan da ke bayan katanga suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata labarin. Kafin damina aka yarda mai jinya ya karɓi magani, aka kuma sa ma'aikaci ya riƙa zagaya ƙauyuka a babur. Malam Sale bai ga babur ɗin ba, ya riga mu gidan gaskiya.

To, makon jiya na je wani ƙaramin asibiti can wajen Maigatari duba jikata. A ƙofa na ga amalanke, tsoho mai shanyewar ɓarin jiki kwance a ciki, jini ya ɓata bayan rigarsa, 'yarsa tana kora masa ƙuda. Na tambaye ta. Ta ce, "Iya, sun ce sai an kawo shi." Na tsaya kamar an dasa ni. Ga kwalta, ga waya a hannun kowa, amma dokar nan ta dawo, ba wanda ya san ranar da ta dawo.

Me Hanne za ta ce? Na san ba za ta tsaya mamaki irin nawa ba. Ba ta bar gida ko gona ba, abin da ta bari shi ne sanin cewa mai wanke miki ya fi kowa hujja, in ya yarda ya kai ta gaban masu doka.

Mun yi magana da yarinyar da wasu mata masu jinya, za mu je wurin shugaban ƙaramar hukuma tare. Ta sunkuya ta tambayi mahaifinta ko ya yarda a nuna bayansa. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya fara laluben bakin rigarsa da hannun da ke motsi.