Allurar Huhun Bakwaini

A ɗakin haihuwa Uwar Allura ake ce mata, kuma a shekara talatin da ta yi tana aikin jinya sau ɗaya aka taɓa ƙure ta. Wani tsohon direba ne mai asma, ta daka masa tsawa ya sauke wando a yi masa allura. Ya ce, "Haba baiwar Allah, ko matata sai da aka tara shaidu." Dole a hannu ta soka masa.

Gajeriya ce kamar turmi, ga baki kamar reza. Ita likitoci suka damƙa wa aikin wani bincike: mace in naƙuda ta taso mata kafin lokaci, a yi mata allurar sitiroyid, irin ta masu asma, a ga ko huhun bakwaini zai yi ƙwari kafin ya fito. Matar wani mai walda ta ji bayani, ta dangwala yatsa a takardar yarda da kanta, aka yi mata ta farko.

Da hantsi, lokacin allura ta biyu, sai ga mijin da guntun rodi. Ya maka wa mai gadi a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙas. Ya tarwatsa gilashin ƙofa, ya kifar da teburin magani. Likitan da ke bakin aiki, mai gemu har ƙirji, ya shige bayan labule, takalmansa kaɗai ake gani suna rawa.

"Ina matata? Kun mai da ita ɓeran gwaji!"

Uwar Allura ta tare bakin gado da sirinji a hannu. Ya kai mata duka, ƙarfen ya tsaga mata goshi, jini ya wanke mata ido ɗaya. Matar na murƙususu tana cewa, "Maigida, ni na yarda!" Bai ji ba, ya sake ɗaga hannu.

Yau yaron da aka haifa washegari shi ke hana unguwa sakat da ihu, tabo kuma na nan a goshin Uwar Allura. Abin da ya sa rodin ya faɗi ƙasa, allura ta shiga, magana ce ta yi masa tana share jini da haɓar riga:

"Ɗan nan, huhun da kake mana hargowa da shi, wata tara uwarka ta yi tana haɗa maka. Ɗanka kwana ɗaya gare shi. Buge ni ka gama, ka matsa in wuce."