Yadda Zakari Ya Zama Ɓarawon Hularsa

Idan ka shiga unguwar Hausari a shekarun da Potiskum ta sha wuya, ka tambayi inda Zakari mai zanen hula yake, za a ce maka ba a san shi ba. Wanda zai fara gaya maka haka kuwa Zakarin ne da kansa, yana zaune a benci da biro a kunne. Ni na san shi, don rumfarmu ɗaya. Shi zai zana a farin ƙyalle, mata su ɗinka a gida, a kawo mini in wanke, in sa ƙaro, in buga. Mun daɗe a haka, kuma har yau ban ga mutumin da ke tsoron a san da zamansa a duniya kamarsa ba.

Tsoro dai kowa ya ji a lokacin, kada wani ya cika maka baki. Amma namu tsoron na talakawa ne, Zakari kuwa ya mai da nasa sana'a ta biyu. Da aka fara jin harbi a cikin gari, ya sauke allon da ke saman rumfa, ya kankare sunansa da wuƙa, ya ba wata maƙwabciya ta rufe akurkin kaji. Ya ce mai suna a allo shi ake fara nema. Layin waya yana canza shi kamar riga. Da aka fara duba wayoyi a shingayen bincike, sai ya tsiri wata ɗabi'a: kafin napep ta kai shinge, ya share duk abin da ke cikin wayarsa. Hoton 'yarsa na ranar suna ma bai tsira ba. Na tambaye shi wane laifi jaririya ta yi wa hukuma, ya ce ai ba a sani ba.

Abin haushin shi ne Allah ya ba mutumin nan hannu. A lokacin an hana babur, kuma in napep ta zo shinge sai kowa ya sauka ya taka da ƙafa hannu a sama, ita kuma ta bi tsakanin gangunan da aka cika da yashi tana lanƙwasa. Mu muna tafe muna karanto duk addu'ar da muka sani, shi yana can yana kallon tayar napep. Wata rana muka dawo rumfa, ya shimfiɗa ƙyalle, ya ja layi mai karkacewa hagu da dama, a kowane lungu ya sa 'yar da'ira, a sama ya jera sanduna bibbiyu. Sandunan nan hannayenmu ne. Ya kai wa Ya Falmata a unguwar Yerimaram, wata Babarbariya da mijinta ya rasu a rikicin ya bar ta da yara, wadda ba a kai ta ƙanƙanta allura a garin nan. Da hular ta fito, duk wanda ya gani sai ya yi dariya, sannan ya yi shiru. Muka sa mata suna Shinge.

To amma wa zai saya? 'Yan sari daga Kano da Legas sun ɗauke ƙafa. In ka ce wa baƙo ya zo Potiskum, sai ya yi maka addu'a ya kashe waya. Nan Alphonsus ya shigo labarin. Mutumin Binuwai ne mai shagon kwamfuta a bakin titi, muna ce masa Oga Alfo. 'Yan'uwansa sun kwashe kaya sun tafi, shi ya ce a nan aka binne cibiyar 'ya'yansa, ba inda za shi. Shi ya gaya wa Zakari akwai kasuwa a intanet, mutum ya buɗe shafi ya sa hoton kayansa, mai so ya biya, a ba direba a tasha ya kai masa.

Zakari ya yarda, amma da sharuɗɗa irin nasa. Ba za a sa sunansa ba, sai dai Mai Hula. Ba za a sa Potiskum ba, sai dai Arewa, kamar duk Arewar rumfa ɗaya ce. Hoton ma sai da aka yi rigima. Aka ɗauka ina riƙe da hular, ya ce a cire hannuna, ana iya gane ni ta yatsa. Ni da ko matata ba lalle ta gane yatsana a hoto ba. A ƙarshe aka ɗora ta a kan wani farin zane nawa da dutsen guga ya taɓa ƙonawa a gefe. Hoto na hawa shafi, Zakari ya share shi daga waya, ya kuma tsaya a kan Oga Alfo har ya share na kwamfuta.

Shinge ta karɓu. Mutanen da ba su taɓa ɗaga hannu gaban bindiga ba suka riƙa ɗora hannayenmu a ka suna zuwa ɗaurin aure. Ya Falmata ta jawo wasu mata cikin aikin, ni ma hannuna bai huta ba. Ana cikin haka wani ya kira Zakari ya ce yana son hula masu yawa, ya tambaye shi a wace unguwa yake. Shi ke nan, Zakari ya sha jinin jikinsa. Ya ruga shagon Oga Alfo ya sa aka rufe shafin ɗungurungum, ya karya layin ya jefa a kwata. Daga baya muka ji ta bakin wani direba cewa ƙanin mutumin ne zai yi aure, anko suke so.

Aka yi watanni ba ciniki. Ranar da Ya Falmata ta gaji, ta hau napep ta zo rumfa da kanta. Ba ta zauna ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Malam, kai ka iya ɓuya," ta ce. "Yarana ba su iya ɓuya wa yunwa ba."

Washegari muka koma wajen Oga Alfo aka buɗe sabon shafi da sabon layi. Sai aka zo kan hoto. Babu Shinge ko ɗaya a ƙasa, duk an sayar, hoton kuma mai shi ya kashe shi da hannunsa. Oga Alfo ya ce bari ya duba ko yana nan a wani lungu na intanet. Yana nan kuwa daram, a shafin wani mai sayarwa da ya kira kansa Fadar Huluna, a can wani babban birni. Ga hular, ga farin zanena, ga ƙunar dutsen gugata a gefe. An buga sunan Fadar Huluna a ƙasan hoton. Abin da yake sayarwa ɗinkin inji ne, a farashin da ko zaren Ya Falmata ba zai saya ba. Ya kuma rubuta cewa zanen gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Na ce lalle kakan nan nasa ya sha layi a shingen Potiskum.

Ban taɓa ganin Zakari ya fusata ba sai ranar. Ya ce wa Oga Alfo ya ciro hoton ya mayar masa a shafinsa, a yanke wajen da aka buga sunan ɓarawon. Oga Alfo ya ce abin ba haka yake tafiya ba. Zakari ya ce in ka ga akuyarka a ɗaure a turken wani a kasuwar dabbobi, kwance ta kake yi ka ja abarka. Ni ma na goya masa baya, don a garinmu ban san wata doka da ta wuce wannan ba. Aka ciro hoto, aka yanke, aka ɗora.

Sannan Oga Alfo ya nuna mana wajen da mai sayarwa ke kai ƙorafi in an yi masa satar fasaha. Sai dai wajen yana son cikakken suna da gari. Zakari ya yi ta kai gwauro yana kai mari a cikin shagon, ya fita ya dawo, ya sha ruwa. Daga ƙarshe ya sunkuya ya raɗa wa Oga Alfo sunansa a kunne, sunan da Oga Alfo ya sani tun kafin a haifi 'yar da aka share hotonta.

Amsa ta zo daga masu kasuwar intanet ɗin cikin ladabi. Sun gode, sun kuma damu ƙwarai, suna ɗaukar haƙƙin mallaka da muhimmanci. Sai dai suna son ya turo asalin hoton. Ko shaidar rajistar zanen. Ko allon shago, ko wani abu mai sunansa da ke nuna shi ya riga. Tsohon shafin ma zai yi, in ya tabbatar da shi ta layin da ya buɗe shi. Oga Alfo yana karantawa yana fassarawa, ni ina kallon Zakari. Duk abin da aka ambata, na san ranar da ya hallaka shi da kansa, wani ma ni na riƙe masa benci.

Amma bai karaya ba. Ya ce tunda shaida ake so, shaida za a samu. Ya tara mu kamar yadda ake yi in rigima ta kai gaban shugaban kasuwa. Ya Falmata ta zo da matan da ke ɗinki, ni na zo da farin zanen mai ƙuna a kafaɗa, aka kira dattijon da ke sayar masa da zare. Muka cika shagon Oga Alfo, muka jeru gaban kwamfuta, kowa ya gyara murya. Zakari ya yi alwala, ya ce a gaya musu a shirye yake ya dafa Alƙur'ani, shi ma wancan ya zo ya dafa in ya isa.

Oga Alfo ya dube mu, kuma na ga abin ya taɓa shi.

"Malam Zakari, kwamfuta bai san rantsuwa ba," ya ce. "Ba wajen da zan sa mutane a ciki."

Duk da haka ya rubuta musu cewa akwai shaidu a tsaye. Suka amsa nan take da wannan godiyar dai da wannan damuwar, ko wasali bai canza ba. Matan suka koma Yerimaram, kowace ta biya kuɗin napep daga bakin zanenta.

Ba a jima ba Fadar Huluna ya kai nasa ƙorafin. Shi kam yana da komai: suna, adireshi, shafin da ya girmi na Zakari, da hoto cikakke wanda na Zakari yankakke ne daga jikinsa. Masu kasuwa suka duba da idon basira, suka gano ɓarawo. Aka rufe shafin Zakari saboda satar hoton hular da ya zana, aka kuma gargaɗe shi da ya riƙa mutunta wahalar wasu. Na ji haushinsa, don shi ya share hanyar da aka bi aka cuce shi. Na kuma ji tausayinsa har cikin raina, don wannan sharewar ce dai yake ganin ta bar shi da rai.

Bayan sallah wani ma'aikaci mai suna Shehu, da ke zuwa aiki Nangere, ya kawo mini hula wanki. Shinge ce ta inji, zaren yana zuba tun kafin ta ga ruwa, hannayen da ke sama sun karkace kamar ƙahon rago. Ya yi ta yabonta, ya ce ta intanet ya yi odarta. Sannan ya juya wajen Zakari.

"Malam Zakari, an ce kana da hannu. Za ka iya kwaikwayo mini wannan? Asalinta daga birni take."

Na ajiye abin bugu, don na zaci za a yi dambe. Zakari ya karɓi hular, ya juya ta, ya daɗe yana kallo.

"Zan gwada," ya ce.

Da ɗinkin ya dawo daga wajen Ya Falmata, ina warware shi na ga abin da ban taɓa gani ba. A gindin zanen, ta waje inda kowa zai gani, an zagaye hular da rubutu cikin baƙin zare: Zakari, Hausari, Potiskum. Ya Falmata ba ta karatun boko, amma ta danne kowane harafi kamar ta san abin da ke ciki. Na wanke, na sa ƙaro, na buga wajen a hankali.

Shehu ya zo karɓa. Ya yaba aikin, ya ce wallahi ta kusa kai ta asalin. Sai dai ta asalin ba ta da wannan rubutun, a warware masa shi.

"Wannan ba ya goguwa," in ji Zakari.

Shehu ya ce to shi ba zai sayi jabu mai tambari ba, ya tafi abinsa. Zakari ya cire tsohuwar hularsa, ya ɗora wannan.

Da safe muka hau napep za mu kai wa Ya Falmata sabon ƙyalle. Muna dosar shinge na ga ya ciro waya kamar kullum. Akwai hoton hular a ciki, wanda ya ɗauka da fuskarsa a ƙarƙashinta. Ya dube shi, ya mayar da wayar aljihu bai share ba. Muka sauka, muka ɗaga hannu. Ina jin numfashinsa a bayana, gumi ya jiƙa masa riga, ga sunansa da unguwarsa da garinsa a goshi, abin da ya kwashe shekaru yana ɓoyewa. Muka iso gaban mai tsaron shingen, wani matashi da rana ta gama gasawa. Ya yi mana nuni da hannu mu wuce. Ko ɗaga kai bai yi ya dubi hular ba.