Tsohon da ke busa a saman ɗakina

A shekarar da aka sa dokar hana fita a Alƙahira ina zaune a wani tsohon bene a unguwar Darrasa, ina fama da hadda. Na riga na faɗi jarrabawa sau ɗaya, in na sake faɗuwa sai gida. Gari ba lafiya, ba inda zan yi karatu sai ɗakina. A samana kuwa akwai wani tsoho Bamisire mai busa algaitar Turawa, wata siririya baƙa. Kullum bayan la'asar yake farawa.

Yadda yake katse busar ne ya fi ci mini rai. Ni ɗan Zariya ne, na saba ganin mai algaita ya kumbura kumatu ya yi ta busa ko numfashi ba ya tsayawa ja. Shi wannan sai ya yi 'yar busa mai taushi ya yi tsit, sai aya ta fara zama a bakina ya dawo. Na yanke cewa ƙirjinsa ne ya gaji, ya ƙi yarda ya tsufa. Har kwaikwayonsa nake yi wa abokai muna dariya.

Ina da saurin fushi, ba na musu. Na tara ɗalibai uku muka kai ƙara wurin mai gidan, ban ko hau na yi wa tsohon sallama ba. Busa ta tsaya. Na ci jarrabawata.

Bayan wata huɗu na gamu da shi a matakala yana haki da jakar cefane, na karɓa na kai masa. A falonsa na ga fiyano an lulluɓe da zanen gado. Ya nuna mini wasu takardun kiɗa da suka yi ja, ya ce kiɗan Turai ne na ƙarni na sha takwas, na mutum biyu: mai busa ya faɗi nasa, mai fiyano ya amsa. Matarsa ce ke amsa masa tun suna matasa, har ta rasu bara. Duk inda na ji ya yi shiru, wurinta ne. Yakan jira a zuci har ta gama, sannan ya shiga.

Rashin sani ya fi dare duhu. Kunya ta rufe ni, na kira shi baffa da Larabcinsu na ce, "Ammu, ni na kai ƙararka. Don Allah ka koma busarka."

Ya ce ai ya sani. Amma leɓen mai busa, in ya huta a irin shekarunsa, ba ya dawowa. Ya gwada, iska kawai ke fita.

"Ma'alish, ba komai, ɗana," in ji shi. "Da ina jin ta a inda nake yin shiru. Yanzu ko'ina shiru ne, ban san inda take ba."

Na ƙara shekara biyu a gidan nan, kuma duk la'asar sai na tsinci kaina ina kasa kunne sama.