Ranar da aka ɗauke ni a makara

"Baba, riƙe numfashinka," in ji Nura, ya ja likkafani ya rufe min fuska.

Nura ɗan maƙwabcina ne, wannan ne fim na farko da ya rubuta. Kowa ya ƙi fitowa a gawa, ni na yarda.

Suka ɗaga makarar, muka kama hanyar Sandamu. Ina jin takun jama'a a bayana, ni da nake kwana uku ba wanda ya yi min sallama. Tsigar jikina ta tashi, amma ban so a sauke ni ba.

Da ya buɗe fuskata na ce, "Nura, ranar ta gaskiya za a taru haka?"

Ya sunkuyar da kai. "Waɗannan gayyato su na yi, Baba. Amma ni zan zo, ba kyamara."

Ku fa, wa kuke da yaƙinin zai kama makararku?