Garabasar da Ba Ta San Hajiya Rabi Ba

Ban taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da Hajiya Rabi mai abinci ta shigo shagonmu riƙe da takardar talla ba. Saura sati uku a ɗauki azumi, ni kuma ina cikin shekarata ta tara a aikin dish a nan Jibiya.

Ga wanda bai san tsarin aikin ba, ga yadda yake. Kamfanin yana can Kudu, ba mu taɓa ganin masu shi ba. A ƙarƙashinsa akwai manajan shiyya a Katsina, wanda muke kira Oga Bashir. Daga shi sai dilolin garuruwa. Namu shi ne Alhaji Sabi'u, mai shagon da nake aiki, a kan hanyar tasha. Ni ne na ƙasa. Ni ke hawa rufi in kafa dish, in juya shi har sigina ta kama, in sauko in zauna gaban kwamfuta ina sabunta wa mutane biyan wata. Kowace dikoda tana da lambarta, kuma da lambar kamfani yake sanin mai ita. In wata ya cika ba a biya ba, hoto ya ɗauke.

Ranar Asabar aka kawo mana damin takardun talla daga Katsina, da Turanci aka buga su. Da manyan jajayen baƙaƙe an rubuta cewa wata uku kyauta ne ga kowa. Alhaji Sabi'u ya ce gobe kasuwa, in ɗauki lasifika in faɗa wa mutane da Hausa. Na karanta manyan baƙaƙen, na ga ba wani abin wahala. Ranar Lahadi na hau bayan babur, muka zaga kasuwa daga 'yan hatsi har kara wurin dabbobi, ina ta faɗin, "Garabasa! Wata uku kyauta, kowa da kowa!" Har muryata ta dushe.

Hajiya Rabi na cikin waɗanda suka ji ni. Rumfarta tana kusa da inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran takardun kwastan. Direba kan kwana biyu ko uku a wurin, na Maraɗi da na Kano da na Gusau, kuma abin da ke zaunar da su a rumfarta bayan tuwo shi ne talabijin ɗin da ta rataye a jikin ginshiƙi. Dish ɗinta na cikin na farko-farkon da na kafa da hannuna. Shekara takwas ke nan, hotonta bai taɓa ɗaukewa ko na yini ɗaya ba.

Ta zauna a kan benci muka gaisa, ta miƙo mini takardar da lambar dikodarta a rubuce a baya.

"Sama'ila, yau watana ya cika. Ka sa mani na garabasar nan."

Na shigar da lambar. Kwamfuta ta ce wannan ba ta cikin waɗanda suka cancanta. Na ɗauka kuskure na yi, na sake. Haka ta sake faɗa. Sai na kira Oga Bashir, na buɗe muryar wayar don Hajiya ta ji da kunnenta ana gyara mata.

"Sama'ila, ba ka ga ɗan tauraron da ke gaban rubutun ba?" in ji shi. "Duba can ƙasan takardar."

Na duba. Akwai wani layi da sai da na kai takardar bakin ƙofa wurin haske kafin na iya karanta shi. Garabasar ta sababbin kwastomomi ce kawai, waɗanda suka sayi sabuwar dikoda.

Hajiya ta matso kusa da wayar. "Yallaɓai, ni ce mai dikodar. To ni da nake biya shekara takwas, mi ne ne nawa?"

"Hajiya, muna godiya ƙwarai. Ke ai tamu ce."

"Na ji. Mi ne ne nawa?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce tsarin daga sama yake, ya yi mana sallama.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance bakin mayafinta ta biya na wata ɗaya kamar kullum, ta ce direbobi na jira kada hoto ya ɗauke musu da Azahar. Da ta kai ƙofa sai ta juyo.

"Ni ban san kamfani ba, Sama'ila. Muryarka na ji a kasuwa."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Amma gaskiya, bayan kunyar, wani abu ne ya fi damuna, wato son in gane. Me ya sa mai kasuwa zai yi wa wanda bai sani ba kyauta, ya hana wanda ya daɗe tare da shi? Na tashi a gidan 'yan hatsi, kuma a wurinmu tsohon abokin ciniki ake yi wa gyara. Na ce lallai akwai wata hikima a ciki da ban hango ba, sai na fara sa ido.

A ƙa'ida, duk wanda ya sayi sabuwar dikoda ana ba ni takardar aiki da sunansa da unguwarsa, in je in kafa masa dish. A satin nan dikodoji suka yi ta fita kamar ana rabon ƙosai, amma tsanina yana jingine a bango. Kusan duk wanda ya saya sai ya ce, "Ba sai ka zo ba, zan haɗa da kaina." Mutanen da na san ko batirin rimot sai sun kawo mini na sa musu.

Ranar Alhamis na ga wata takardar aiki da sunan wata mata a Daddara. Na ce bari in bi wannan ko ba a kira ni ba. Da na isa, tun daga nesa na gane gidan, domin dish ɗin da ke kan rufin ni na kafa shi shekara biyar da suka wuce. Gidan Malam Hamisu ne, tsohon malamin firamare. Sunan da ke takardar na matarsa ne.

Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Na faɗa masa ba bincike aka aiko ni ba, tambaya ce kawai ta kawo ni. Ya dube ni ya yi murmushi, ya shiga ciki, ya fito da wani kwali. Dikodoji uku ne a ciki, an goge su tsaf, kowace da wayarta a naɗe.

"Wagga da sunana," in ji shi. "Wagga da sunan babban ɗana. Wagga ta ƙanena ce a takarda. Wadda ke aiki yanzu ta uwargida ce."

Na ce, "Malam, duk lafiyarsu lau?"

"Lau. Tsufa kawai sunka yi a idon kamfani."

Ya yi mini bayani kamar yana gaban allo. Duk sa'ad da aka yi irin wannan garabasa, ana karya farashin sabuwar dikoda har ta kusa yin daidai da biyan wata, ga kuma watannin kyauta a kai. Wanda ya tsaya kan tsohuwar dikodarsa ya fi kowa biya. Kamfani kuwa ba mutum yake gani ba. In lambar dikoda sabuwa ce, lambar waya sabuwa ce, to kai sabo ne, ko da furfura ta cika maka kai.

Na koma gida ina ta juya maganar. Cikin sati biyu na bi sauran takardun a hankali, wasu a cikin gari, wasu har Gangara. Gidajen da na tarar ba dish a kan rufinsu, wato sababbi na gaskiya, kaɗan ne ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu wata mata ce da ta buɗe rumfar abinci a tsallaken titi, daidai gaban ta Hajiya Rabi. Ita ta samu wata ukun.

Lahadi ta biyu Alhaji Sabi'u ya sake ba ni lasifika. Na hau babur, na zaga inda na zaga a baya, amma wannan karon na ce, "Jama'a, garabasar nan ta mai sayen sabuwar dikoda ce kawai. Mai tsohuwa ba ya ciki. Wancan satin ni na faɗa ba daidai ba, ku yafe ni." Kafin in dawo shago labari ya riga ni.

"Wa ya ce ka faɗi haka?" in ji Alhaji.

"Yana cikin takardar, Alhaji. Ƙanana dai aka rubuta shi."

"Da sun so a yi shelarsa, da sun rubuta shi manya!"

Ya karɓe lasifikar, ya hana ni zama kan kwamfuta. Sati guda ba ya amsa mini komai sai gaisuwa. Na san in ya kai ƙarata Katsina, aikin na iya barin hannuna, ga azumi ya ƙarato, ga iyali. Bai kai ba. Daga baya na ji cewa tsofaffin kwastomomi da dama sun zo sun yi masa faɗa a satin farko, kuma bayan shelar da na yi faɗan ya tsaya.

Ƙarshen wata Oga Bashir ya zo da kansa ya yaba wa shagonmu kan yawan sababbin da muka samo. Da zai tafi na raka shi mota, na faɗa masa abin da na gani, ban dai ambaci sunan kowa ba. Na zaci zai girgiza. Ko gezau bai yi ba.

"Kana tsammani ba mu sani ba?" in ji shi. "Sama'ila, takardar da nake aikawa sama gurbi biyu gare ta. Akwai na waɗanda suka shigo, akwai na waɗanda suka fita. Da su ake auna ni, da su ake auna wanda ke sama da ni. Wanda ya zauna ba shi da gurbi."

Na ce, "To wanda ya fita fa, me ake yi masa?"

"In ya yi wata biyu bai biya ba, a kira shi a lallashe shi."

A ranar na je rumfar Hajiya Rabi. Na faɗa mata duk abin da na gano, har da dabarar sayen sabuwa da sunan wani. Na ce in tana so, ta kawo lambar wayar 'yarta kafin garabasar ta ƙare. Tana kwasar tuwo take saurarena, ba ta tsaya ba.

"In ɓoye bayan ɗiyata don a ba ni abin da ya kamata a ba ni da sunana? A'a. In watan nan ya cika, ka zo ka juya mani dish ɗin wajen tashoshin kyauta."

Na gargaɗe ta cewa ba za ta samu ƙwallon Turai ba. Ta ce ta sani. Wani direban babbar mota ya kawo mata risiba, na'urar kama tashoshin kyauta, daga Maraɗi, na je na juya dish ɗin, tashoshin Nijar da wasu namu suka fito. Ba zan ce ba ta yi hasara ba. Ranar da ake babban wasa, samarin direbobi da yaran mota kan tsallaka titi da kwanonsu a hannu, wasu kuma can suke sayen abincin gaba ɗaya. Amma manyan direbobin Nijar sun fi son labaran gida da kokawa, sai suka ƙara mannewa a bencinta.

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan makonni, iskar ruwan farko ta karkatar da dish ɗinta, ta aika aka kira ni. Na gyara, na sauko ina wanke hannu, sai wayarta ta yi ƙara. Hannunta duk miya, ta ce in danna mata in buɗe muryar. Wata yarinya ce mai ladabi, da Hausarta mai kyau. Ta ce daga kamfani take, sun lura Hajiya ta kwana biyu ba ta tare da su, suna kewarta, kuma in ta dawo yau za a ƙara mata wata guda kyauta.

Hajiya ta goge hannunta a hankali.

"'Yar nan, shekara takwas ina biya, ko barka da Sallah ba ku taɓa yi mani ba. Sai da na tafi kunka san sunana?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Ba laifinki ba ne, aiki aka sa ki. Amma ji nan. Akwai wani tela bayan rumfata, tare munka fara, shi har yau bai taɓa fashi ba. Watan nan da za ku ba ni, ku ba shi. In karanto maki lambarsa?"

Muna jin ƙarar maɓallan kwamfutarta. Can ta ce, da wata irin murya da ba ta karatun takarda ba, "Hajiya, ko kin ba ni ba zai yiwu ba. Lambar wanda yake biya ba ta fitowa a wurina. Sai ta wanda ya daina."

Hajiya ta yi mata addu'a, ta ce Allah ya ba ta aikin da ya fi wannan, ta kashe wayar. Ba ta koma wa kamfanin ba har yau.

Abin da na koya, ku da kuke shigowa aikin dish yanzu, shi ne a sana'ar nan duk mai hulɗa da jama'a ba shi ne mai yanke hukunci ba, daga ni har yarinyar nan har Oga Bashir. Amma ba ya hana ka faɗa wa mutum gaskiyar abin da yake saye. Tun daga lokacin, in garabasa ta zo, tsofaffin kwastomomina nake fara kira, in gaya musu wa ta shafa da wa ba ta shafa ba, kowa ya zaɓi abin da ya fi masa. Wasu sun bar mu saboda haka. Amma in iska ta karkatar da dish a garin nan, ko na wane kamfani ne, ni ake kira, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙasa yana gadina in na hau rufin gidansa.